Mai Shelar Da Ya Ƙi Yin Shiru: Asirin Ciwon Dajin Fankiriyas

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wani ɗan nama mai tsawo da likitoci ke kira fankiriyas. Shi ke fitar da ruwan narkar da abinci, da kuma insulin mai daidaita sukari a jini. Ciwon dajin da ke kama shi mugu ne ƙwarai, don sau da yawa ba a farga sai shawara da rama da ciwon baya sun bayyana, lokacin kuwa ya riga ya yi nisa. A Amurka ma, duk da asibitocinsu, kimanin mutum 13 ne cikin 100 ke kai shekara 5 bayan an gano shi.

To, me ke ingiza shi? Ƙwayoyin jiki ba su hayayyafa sai da izini. Saƙo kan sauka a bangon ƙwaya, wani furotin mai suna KRAS ya karɓa ya miƙa wa RAF, RAF ya ba MEK, MEK ya ba ERK, shi kuma ya kai tsakiyar ƙwaya. Kamar dai umurnin sarki ne, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. KRAS yana shela muddin yana riƙe da sinadarin GTP, da ya mai da shi GDP sai ya yi shiru.

Furotin ɗin nan jerin tubala ne da ake kira amino asid. Idan tubali na 12 ya sauya, sai KRAS ya kasa sauke GTP yadda ya kamata, ya yi ta shela ba dare ba rana, alhali sarki bai aiko kowa ba. Tubali ɗaya tak, jama'a! A 1988 Manuel Perucho da abokan aikinsa suka nuna cewa yawancin masu wannan ciwo suna da wannan sauyi, yau kuwa an san sauye-sauyen KRAS gaba ɗaya sun haura kashi 90 cikin 100. Amma shi kaɗai bai isa ba, sai masu tsawatarwa irin su TP53 da CDKN2A da SMAD4 sun lalace tukuna.

An shafe shekaru wajen 30 ana neman maganin da zai toshe bakin KRAS, abin ya faskara, don jikinsa sumul yake, ba wurin kamawa. Sai a 2013 Kevan Shokat na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya gano wani ɗan lungu a jikin nau'in G12C. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sotorasib don ciwon dajin huhu.

Sai dai murnar ba ta kai ga masu ciwon fankiriyas sosai ba, domin G12C bai wuce 1 ko 2 cikin 100 nasu ba. Wanda ya fi yawa shi ne G12D, kimanin 40 cikin 100, kuma a kansa ne masana suka duƙufa, tare da gwajin magungunan da ke kama nau'o'in RAS da dama a lokaci guda.