Bayan alawus da keken ɗinki, wa zai nema wa nakasassunmu aiki?

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san bikin yaye masu koyon sana'a. A kafa rumfa, manya su yi jawabi, a raba keken ɗinki da injin markaɗe, a ɗauki hoto. Mun sha halarta, mun kuma tafa. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne jami'in da ya koma bayan wata shida ya duba ko keken na aiki ko an kai shi kasuwa.

Ba a ce Jigawa ba ta taɓuka komai ba. A 2007 gwamnatin Sule Lamido, ɗan Bamaina da ke nan Birnin Kudu, ta fara biyan nakasassu alawus na naira 7,000 duk wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma. A lokacin mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 5,500 ne, ka ga ba kuɗin wasa ba ne. Sai dai alawus tallafi ne, ba aiki ba. Kuma mutum 150 a ƙasa mai faɗin Gwaram, tun daga Sara har Basirka, ai an bar da yawa a baya.

Ta ɓangaren tarayya, akwai hukumar NDE tun 1986. An yi N-Power a 2016 da naira 30,000 a wata, sannan shirin ayyuka 774,000 da ya ɗauki mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma na wata uku kacal. Wa'adi na cika kowa ya koma dakalin da ya baro. Rajistar N-Power ta intanet aka yi. Makahon da ke ƙauye, ba babbar waya ba mai karanta masa, ya faɗi tun kafin a fara.

Doka ma akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ku ƙirga matakalar ofisoshin da kuka sani.

Matsalar yayyenmu da suka daɗe a zaune daban ce, ko da yake a wuri ɗaya ta haɗu da ta nakasassu. Mai NCE da ya shekara shida ba aiki ya wuce iyakar shekarun da ake sawa a yawancin sanarwar ɗaukar ma'aikata. Ya gaji da kashe kuɗin mota zuwa Dutse, ya daina nema, gwamnati kuma ba ta san da zamansa ba.

A ganinmu, abin da ya rage ba wani sabon biki ba ne. Tebur ɗaya ne a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da ma'aikacin da aikinsa kawai ya san waɗannan mutane da sunansu da abin da suka iya, ya je wurin tela da mai walda da mai gyaran waya ya nema musu gurbi, ya kuma riƙa leƙa su. A Ingila, tun 1994 shirin Access to Work ke biya wa nakasasshe kuɗin mota da kayan aiki da mai fassarar maganar kurame, don kada waɗannan su hana a ɗauke shi. Namu bai kai wannan tsada ba: kuɗin acaɓa na wata shida, da ɗan ihisani ga maigidan da ya karɓi yaron shago.

Mun san abin da za a ce: 'yan siyasa za su cika takardar da yaransu. Haka ne, an saba. Shi ya sa muke so a karɓi sunaye ta hannun sarkin makafi da sarkin guragu da ƙungiyar kurame, waɗanda suka san nasu gida-gida, a kuma manna jerin a bangon sakatariya, a karanta shi a rediyo saboda wanda ba ya gani.