Barin tuwo ba barin miya ba ne

Wata shawara tana yawo a wayoyin mutanen Rano da Kibiya, musamman masu ciwon suga da masu son rage teɓa: wai a bar tuwo da shinkafa da duk abin da ya tsiro daga ƙasa, a koma nama da ƙwai zalla. Masu yaɗa ta har cewa suke yi harza, wato ɓangaren hatsi da ganye da ciki ba ya narkarwa, ba ta da wani amfani, tunda yadda ta shiga haka take fita.

Ba haka take fita ba. Idan ta isa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can su suke cin ta, su samar da sinadaran da bangon hanji ke rayuwa da su. Wata harzar, irin yauƙin kuɓewa da kuka da lalo, tana jan ruwa ta yi kauri, sai ta rage saurin shigar suga cikin jini. Wata kuma tana tausasa bayan gida, mutum ya huta da yunƙurin da ke tayar da basir. Nama da ƙwai da madara ba su da ita ko kaɗan.

Gaskiya ne mutum ba ya faɗuwa nan take don ya rasa ta. A 1928 wani mai suna Vilhjalmur Stefansson da abokinsa sun fara shekara guda suna cin nama kaɗai ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue a Amurka, suka gama lafiya. Amma mutum biyu ne, shekara ɗaya. Babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 kuwa ya tattara bincike masu yawa, ya nuna masu cin harza sosai sun fi tsira daga ciwon zuciya da suga da dajin hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa rage sitaci da barin ganye. Zogale da rama da alayyahu da yakuwa sitacinsu kaɗan ne ƙwarai. Mai suga zai iya rage malmala, ya cika kwano da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya ƙara da wake daidai gwargwado. Mu da muke noma dawa da gero, sai mu surfe su tas, mu zuba wa awaki dusar, sannan mu bi mai lasifika a kasuwa muna sayen maganin basir.

Ya kamata ma'aikatan lafiya a ƙananan hukumomin biyu su riƙa faɗin wannan a fili ranar awo da ranar ganin masu suga. Wanda kuma yake shan maganin suga, kada ya yanke tuwo gaba ɗaya sai ya ga likita, domin sugansa na iya faɗuwa har ya suma.