Tamanrasset: Kafin ka ɗaga gatari kan kututturen tsakar gida

A gidaje da dama na Tamanrasset, daga Tahaggart zuwa Gataa El Oued da Sersouf, akan tarar da ragowar icen da aka sare yana zaune a tsakar gida ko a bakin ƙofa. Wani an sare shi ne don za a ƙara ɗaki, wani don saiwarsa ta fara tsaga katanga, wani kuma ƙishirwa ce ta kashe shi. Masu sara sun kwashe rassa da gungume sun yi gaba, kututturen ya rage. Yara na tuntuɓe da shi da dare, tsintsiya ba ta wuce shi, mai gida kuma kullum cewa yake sai an samu lokaci.

Maganar ta fi shafar Hausawan garin ta fuska biyu. Yawancinsu haya suke zaune, wato kututturen yana gidan wani ne amma ƙafar 'ya'yansu yake kamawa. Sannan idan mai gida ya tashi cire shi, sau da yawa matasanmu masu aikin lebura ake kira su zo da diga da gatari. To, kafin a fara sara akwai tambayar da ya kamata a amsa: wannan kututturen matacce ne, ko da sauran ransa?

Garin da ice ba ya samuwa da arha

Tamanrasset na zaune ne a tsaunukan Ahaggar, kimanin mita 1,400 sama da teku. Ruwan saman da ke sauka a shekara da ƙyar yake kai milimita 50, wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da Maraɗi ke samu ke nan. Ruwan famfo kuwa tun 2011 daga In Salah ake turo shi cikin bututu, tafiyar kusan kilomita 750. Kafin haka unguwanni da yawa sai da motar tanki suke sha. Duk icen da ka gani ya yi inuwa a tsakar gida a garin nan, wani ne ya yi shekaru yana ba shi ruwan da ya saya, har saiwar ta nutse ta kai inda take shan kanta.

Saiwar ita ce dukiyar. Mutanen Nijar sun san labarin icen Tenere, wanda ya daɗe shi kaɗai tsakiyar rairayi har wata mota ta kayar da shi a 1973, aka ɗauke shi zuwa gidan tarihi na Yamai. Rijiyar da aka gina kusa da shi ta nuna saiwarsa ta bi ruwa zurfin fiye da mita 30. Icen sahara abin da ke ƙasa ya fi na sama yawa. In an sare sama, aikin shekarun nan yana nan a binne, kuma a wasu irin itatuwa yana da rai.

Rashin ruwan nan ne kuma ya sa kututture ba ya ruɓewa a nan kamar yadda yake yi a Kano ko Zariya. Can damina da gara da naman kaza suna cinye shi cikin 'yan shekaru. A Tamanrasset bushewa yake yi ya ƙara tauri, ya tsattsage. Mai jiran ya ruɓe da kansa zai daɗe yana jira.

Darasin Maraɗi da Damagaram

Da yawa daga Hausawan garin nan daga Damagaram da Kance da Matamaye da Maraɗi suka fito, kuma sun san sassabin zamani tun a gonakin iyayensu. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Dashen sababbin itatuwa yana ta mutuwa, ga kuma tsofaffin saiwoyi da ransu a ƙarƙashin gona. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a sassabe ƙananan rassan gefe, a tsare su daga awaki. Da yake saiwar babba ce, tohon yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa kamo shi ba.

Manoma suka karɓa, maƙwabci na koya daga maƙwabci. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Abin da aka yi a gona ana iya yin sa a tsakar gida. Ka kankare ɓawon kututturen da wuƙa a gefe. In ka ga ɗanye da damshi, ko ka ga 'yan toho a gindinsa, yana da rai. Ruwan ɗauraye kwanuka marar omo da ruwan alwala sun ishe shi ya tashi.

Sai dai ba kowane ice ke dawowa ba. Turare da ɓaure da magarya da aduwa suna toho daga kututture. Haka ma icen da Larabawa ke kira etel, irin wanda aka jera a babban titin tsakiyar gari. Shi wannan ko guntun saiwarsa aka bari zai iya sake fitowa, kuma ganyensa na zubar da gishiri a ƙasa, shi ya sa shuka ba ta jin daɗi a ƙarƙashinsa. Dabino kuwa kai ɗaya gare shi. In an sare kan, gangar jikin ta gama, sai fa in akwai 'ya'ya a gindi, waɗanda ake iya ɓamɓarewa a dasa.

Inda cirewa ta zama dole

Akwai kututturen da barinsa ɓarna ce. Na farko shi ne wanda ke manne da katanga ko kusa da ramin masai da bututun ruwa, musamman ɓaure da turare masu bin damshi duk inda yake. Na biyu shi ne wanda ke kan hanyar shiga gida, inda tsoho ko yaro zai faɗi. Na uku shi ne busasshen da ya tsattsage ya yi rami, domin nan ne makwancin kunama. A Aljeriya ana ƙirga harbin kunama wajen 50,000 a shekara, galibi a jihohin kudu da na tudun tsakiya, kuma yara ƙanana ne dafin ya fi yi wa illa. Da zafi, lokacin da kowa ke shimfiɗa tabarma a waje, kututture mai rami kusa da wurin kwana ba abin wasa ba ne. In har ta yi harbi, a garzaya asibiti inda ake da allurar dafin. Kada a tsaya tsaga ko tsotsa.

Yadda injin niƙa kututture ke aiki

A Amurka da Turai akwai inji na musamman don wannan aiki. Kamfanin Vermeer na jihar Iowa ne ya fito da irinsa a shekarun 1950. Faifan ƙarfe ne mai kauri, da haƙora masu taurin gaske a bakinsa. Yana juyawa da gudu, mai aiki na kai shi dama da hagu a kan kututturen, yana gurza shi kaɗan-kaɗan har ya nutse kamar santimita 15 zuwa 30 a ƙarƙashin ƙasa. Abin da zai ci wa mutum biyu yini guda, injin kan gama shi cikin awa ɗaya ko biyu, ba tare da an yi babban rami ba.

Amma fa a san iyakarsa. Kan kututturen kawai yake cinyewa, saiwoyin na nan a shimfiɗe. In ice ne mai toho daga saiwa, zai sake leƙowa a wani gefen. In gini za a yi a wurin, niƙa ba ta wadatar ba, don saiwar da aka bari za ta bushe ta saki, daɓe ya lotsa. Ƙasar Ahaggar kuma duwatsu ne; suna dakushe haƙoran injin, yana kuma harba tsakuwa kamar an sako ta daga gwafa. Ga ƙofar gidajenmu da ba kowace za ta bar inji ya shige ba. Shi ya sa a unguwanninmu aikin ya fi zama na hannu.

Akwai wani ganganci da ya kamata a daina: ɗaura faifan zarto a kan ƙaramin injin gurza ƙarfe na masu walda, wai don a yanke saiwa da sauri. Ba a ƙera shi don ice ba. Da faifan ya cije, injin kan yi tsalle ya dawo kan hannu ko cinyar mai riƙe da shi. Haka injin yankan katako, in sarƙarsa ta taɓa ƙasa da tsakuwa nan take take dakushewa, tana iya tsinkewa ma.

In da hannu za a yi

Abu na farko shi ne izinin mai gida, kuma a yi maganar gaban shaida. Ɗan haya da ya tone tsakar gida bisa ra'ayin kansa, in katanga ta tsage shi zai biya. In icen a bakin titi yake, na hukumar gari ne, sai an je can. Na biyu, a tambayi ta ina bututun ruwa da na gas da wayar lantarki suka bi. Diga ba ta da ido, kuma fasa layin Sonelgaz ko na hukumar ruwa ba ƙaramar rigima ba ce, balle ga baƙo.

In ba a riga an sare icen ba, a bar gungumen ya kai tsawon ƙugun mutum, don a samu abin kamawa a girgiza. A jiƙa ƙasar tun daren jiya. A haƙa zagaye, nesa da gindin kamar taku ɗaya, a share ƙasa daga kan kowace saiwa kafin a sa mata gatari. In saiwoyin gefe sun ƙare, a sa dogon ƙarfe ko jak ɗin mota a ɗaga shi, a sare babbar saiwar da ta miƙe ƙasa. Dabino ba shi da wannan babbar saiwa, nasa siraran jijiyoyi ne masu yawa, shebur mai kaifi da adda sun fi yi masa. A sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu cikin rami ba a duba ba, yara kuma su yi nisa.

Ga matasa masu karɓar jinga: ka ga kututturen da idonka kafin ka faɗi kuɗi. Wanda ake gani kamar kujera a sama yana iya cin kwana biyu a ƙasa. A yanke magana tun farko kan cike ramin da kuma wa zai ɗauki icen. Busasshen kututture kuɗi ne a garin da daren hunturu ke kusan daskarar da ruwa, ga masu shayi na neman gawayi, ga shi kuma dajin da ke kewaye da gari yana cikin gandun Ahaggar da aka keɓe tun 1987, ba wurin sara ba ne.

Wuta da baƙin mai

Wasu kan ce ai wuta ta fi sauƙi: a zuba kananzir a kunna a je a kwanta. Wutar kututture cin ciki take yi, tana bin saiwa a ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki ba a gani, ƙasar wurin ta zama tarko ga ƙafar yaro. Garwashinta kuma in aka ɗiba aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa don sanyi, iskar da ke fita daga gare shi ba ta da wari amma tana kisa. Kowane hunturu hukumar kashe gobara da agaji ta Aljeriya, mai lambar waya 14, tana jan kunne kan wannan.

Zuba gishiri ko baƙin mai ko ruwan batir shi ma asara ce, domin a ƙasar da ruwan sama bai isa ya wanke komai ba, wurin zai daɗe bai karɓi shuka ba. In so ake a kashe saiwa ba tare da tono ba, a sare kututturen daidai da ƙasa, a rufe shi da baƙar leda mai kauri a danne da duwatsu, duk tohon da ya leƙo a tsinke shi. Yana ɗaukar watanni, amma saiwar da ba ta samun ganye dole ta saki.

Ɗiddigar icen da ta rage kada a cakuɗa ta da ƙasar da za a yi shuka, don wajen ruɓewa tana janye abincin da tsiro ke bukata. A baza ta a gindin wasu itatuwan, tana rage saurin bushewar ƙasa. Ramin a cika shi da ƙasa a daddanne, a ƙara bayan 'yan makonni in ya lotsa.

Ranar 25 ga Oktoba ce ranar dashen itatuwa ta ƙasa a Aljeriya, lokacin da zafi ya karye kuma dashe ya fi kamawa. Wanda dole ta sa ya cire kututture yana iya neman ɗan ice ya dasa a wani gefen gidan, nesa da katanga da bututu. Wanda kuma ya kankare ɓawo ya ga ɗanye, ya zaɓi toho biyu ko uku, ya kewaye su da kara ko waya saboda awaki, ya ba su shekara guda ya gani.