Wa ke bin diddigin kwasar shara da kuɗin unguwa a Ingila? Abin da ya kamata ku sani

A ranar 31 ga Maris 2025, majalisar birnin Birmingham, birni na biyu mafi girma a Ingila, ta fito ta shaida wa duniya cewa shara ta fi ƙarfinta. Masu kwasar shara sun shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani tun ranar 11 ga watan, har kimanin tan 17,000 ya taru a tituna. Baƙaƙen ledoji sun yi tsibi a ƙofar gidaje, ɓeraye sun samu wurin kiwo, magidanta na bin dogon layi da shara a bayan mota don neman inda za su zubar. Idan kun ga hotunan, wataƙila kun tambayi kanku ko babu mai duba aikin waɗannan hukumomi ne. Akwai kwamitocin bin diddigi, kuma doka ce ta kafa su. Sai dai ikonsu yana da iyaka, kuma wannan iyakar ce ya fi kamata ku fahimta.

Mene ne kwamitin bin diddigi?

Kowace ƙaramar hukuma a Ingila tana da kansiloli da jama'a suka zaɓa. Birmingham kaɗai tana da 101. Amma ba dukansu ke yanke hukuncin yau da kullum ba. A yawancin majalisu, shugaba ne da 'yan majalisar zartarwarsa, waɗanda duka-duka ba sa wuce mutum goma, ke riƙe da ragama. Dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2000 ce ta kawo wannan tsari, kuma ita ce ta wajabta cewa duk majalisar da ta damƙa iko a hannun 'yan tsiraru haka, dole ta kafa kwamitin da zai riƙa bin sawun aikinsu.

Sauran kansiloli ne ke zama a wannan kwamiti. Ɗan majalisar zartarwa ba ya shiga, domin mutum ba ya zama alƙalin kansa. Ana raba kujerun gwargwadon ƙarfin kowace jam'iyya, don haka 'yan adawa ma suna da baki. Manyan majalisu kan kafa kwamitoci da dama: na lafiya, na yara, na gidaje, na kuɗi, da na muhalli, wanda yawanci shara ke ƙarƙashinsa.

Wane iko gare shi?

Yana iya kiran ɗan majalisar zartarwa ko babban ma'aikaci ya zo ya amsa tambayoyi a bainar jama'a, kuma dole ya zo. Yana iya neman takardu. Yana iya ɗaukar watanni yana bincike a kan batu guda, ya saurari mazauna unguwa da masana, sannan ya rubuta shawarwari, waɗanda doka ta ba masu zartarwa wata biyu su amsa. Akwai kuma ikon dakatar da hukunci: idan an yanke shawara amma ba a fara aiki da ita ba, wasu kansiloli na iya neman a tsaya, yawanci cikin kwanakin aiki biyar, a kawo ta gaban kwamiti a sake dubawa.

Abin da ba ya iya yi shi ne tilastawa. Masu zartarwa na iya saurare, su yi godiya, su ci gaba da abin da suka yi niyya. Za ku ce to mene ne amfaninsa? Amfaninsa shi ne a yi tambaya a fili, a rubuta amsar, ta zauna a takarda inda ɗan jarida da mai zaɓe za su same ta gobe. A ganina, kwamitin da ya fi amfani shi ne wanda ke duba shiri kafin a sa hannu, domin tun ran gini ran zane. Kwangilar da aka riga aka ƙulla ta shekara takwas, ko an gano aibinta, warware ta na da tsada.

Me ake tambaya game da shara?

Dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kwashe sharar gidaje. Ba baƙon abu ba ne ga mai karatu a Najeriya, inda kundin tsarin mulkin 1999 shi ma ya lissafa kwasar shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A wasu yankunan Ingila hukuma guda ce ke kwashewa, wata babba kuma ta san yadda za ta yi da abin da aka kwaso. A birane irin Birmingham, majalisa ɗaya ce ke yin duka biyun. Wasu na amfani da ma'aikatansu, wasu na ba kamfani kwangila.

A ce kun shiga zauren taro da yamma. Kansiloli na zaune da rahoto a gabansu, shugaban sashen shara na gefe guda. Tambayar farko takan zama a kan kwandunan da mota ta tsallake. Ana auna wannan da lissafi mai sauƙi: cikin kowace kwasa 100,000, sau nawa aka bar kwandon wani a cike? Kansilan da ya san aikinsa ba zai tsaya a jimillar gari ba, zai nemi a rarraba masa unguwa-unguwa, domin adadi mai kyau na iya ɓoye layi guda da ake tsallakewa kowane mako saboda motoci sun toshe hanya.

Sai batun sake sarrafawa, wato tattara kwalabe, gwangwani, kwali da roba a mayar da su masana'anta a yi sabon abu da su. A Ingila, abin da ake sake sarrafawa daga sharar gidaje ya daɗe yana tsaye a wajen kashi 44 cikin 100, na Birmingham kuwa kusan rabin haka ne. Abu ƙarami kan ɓata aikin. Ƙunzugun jariri ko ragowar miya a kwandon kwali na iya sa masana'anta ta ƙi karɓar lodin mota guda, a kai shi wurin ƙonawa ko binnewa.

Binnewar kuma ba kyauta ba ce. Tun 1996 gwamnati ta sa haraji a kan kowane tan da aka kai juji aka binne. Ya fara da fam 7, amma a Afrilun 2025 ya kai fam 126 da 'yan kai. An yi haka da gangan don binne shara ya zama asara. Don haka idan kansila ya nace a kan ƙunzugu a kwandon kwali, kuɗin jama'a yake karewa. An kuma sa ranar 31 ga Maris 2026 a matsayin wa'adin fara kwashe ragowar abinci daban kowane mako daga gidaje, abin da ke buƙatar sababbin motoci da ƙananan kwanduna, kuma kwamitoci da yawa sun sha tambayar inda kuɗin zai fito.

Kuɗin unguwa fa?

Majalisu kan ware tallafi ga ƙungiyoyin sa kai: masu raba abinci ga mabuƙata, kulob ɗin matasa, zauren tsofaffi. Wasu kan ba kowane kansila ɗan kaso ya raba a mazaɓarsa. Akwai kuma kuɗin da wasu majalisu ke karɓa daga masu gina sababbin gidaje, inda kashi 15 cikin 100 ke komawa unguwar da aka yi ginin, ko kashi 25 idan unguwar tana da nata rubutaccen tsarin ci gaba.

Kuɗin ba su da yawa, amma nan ne zargin son kai ya fi saurin tasowa. Kwamiti kan tambayi wa ya samu, da wane ma'auni, kuma me aka yi da su. Tambayar da na fi so a ji ana yi ita ce wa bai nema ba. Ƙungiyar da ke da mai iya cike fom da Turanci mai kyau takan samu kowace shekara, matan da ke dafa wa maƙwabta abinci a ɗakin bayan masallaci ko coci kuwa ba su ma san ana rabawa ba.

Mece ce sayayya mai ɗorewa?

Kwamiti kan duba sayayya ma, domin majalisa babbar mai saye ce: motoci, abincin makaranta, takarda, wutar lantarki, aikin gini. Sayayya mai ɗorewa na nufin kada a dubi farashin yau kaɗai, a dubi abin da kayan zai ci tsawon rayuwarsa, da abin da zai yi wa muhalli da mutanen gari. Araha ba ta ado. Motar shara mai lantarki ta fi mai dizal tsada a ranar saye, amma ba ta fitar da hayaƙi a layin da yara ke wucewa zuwa makaranta, kuma ba a zuba mata mai. Ko ribar ta kai tsadar, lissafi ne da ya kamata a baje a gaban kwamiti, ba a karɓa da baki kawai ba.

Wata doka ta 2012 ta wajabta wa hukumomi su yi tunanin amfanin jama'a, tattalin arziki da muhalli kafin su ba da babbar kwangilar aiki. Garin Preston da ke yankin Lancashire ya nuna inda wannan zai iya kaiwa. A shekarar kuɗi ta 2012 zuwa 2013, an duba sayayyar manyan cibiyoyi shida na garin, ciki har da majalisar, aka ga kashi 5 cikin 100 kacal ke zama a Preston. Suka shiga rarraba manyan kwangiloli zuwa ƙanana don 'yan kasuwar gari su iya nema. Bayan shekara huɗu kason ya haura kashi 18, daga kimanin fam miliyan 38 zuwa sama da miliyan 110. Akwai masu sukar cewa in kowane gari ya yi haka, kasuwa za ta ƙuntata. Sukar na da tushe, kuma zauren kwamiti ne wurin da ya dace a auna ta.

Wa ke biya?

Ku ne, idan kuna zaune can. Kowane gida na biyan harajin majalisa bisa rukunin darajarsa, daga A zuwa H. Mai zama shi kaɗai yana samun ragin kashi 25 cikin 100, gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci kuma ba ya biya. Sauran kuɗin na fitowa daga harajin wuraren kasuwanci da tallafin gwamnatin tsakiya. Shi kansa bin diddigin ba ya cin kuɗi sosai, ma'aikata kaɗan ne ke yi masa hidima.

To me ya sa Birmingham ta shiga wannan hali?

Tana da kwamitocin, ba su hana ba. A Satumbar 2023 majalisar ta sanar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, ta dakatar da duk sabon kashe kuɗin da ba dole ba, gwamnati kuma ta turo mata kwamishinoni. Babban dalili shi ne bashin daidaita albashi, wanda a lokacin ta ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760. Shekaru da yawa ana ba ma'aikatan da galibinsu maza ne, har da masu kwasar shara, ƙarin kuɗin da ba a ba mata masu girki, goge-goge da kula da tsofaffi, alhali matakin aikinsu ɗaya. Ga kuma sabuwar manhajar lissafi da aka yi wa kasafin fam miliyan 19, a lokacin ta doshi miliyan 100. Harajin majalisa ya tashi da kusan kashi 10 a 2024, da kusan 7.5 a 2025. Yajin aikin ya samo asali ne daga soke wani muƙami a ayarin motar shara, wanda ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta ce zai zaftare wa mambobinta albashi.

Raunin tsarin a bayyane yake. Jam'iyyar da ke mulki ce ke da rinjaye a kwamiti, kuma tsananta wa ɗan jam'iyyarku a fili na buƙatar ƙarfin zuciya. Yawancin bayanan da kansiloli ke dubawa kuma daga hannun waɗanda ake binciken suke fitowa.

Ta yaya za ku sa baki?

Zaman kwamiti a buɗe yake, sai in za a tattauna sirrin kwangila ko na wani mutum. Dole a wallafa ajanda da rahotanni kwanakin aiki biyar kafin taro, kuma tun 2014 kuna da damar ɗaukar murya ko bidiyo. Majalisu na wallafa duk abin da suka kashe da ya haura fam 500, kuma idan kun nemi bayani a rubuce, doka ta ba su kwanakin aiki 20 su amsa. Kuna iya rubuta wa kansilanku ku roƙe shi ya kai batu gaban kwamiti. Ku haɗa da ranakun da aka tsallake kwandonku, sunan layi da hoto, domin irin wannan shaida ta fi dogon ƙorafi tasiri. Idan kuma ku 'yan Najeriya ne, Ghana ko Kamaru da ke zaune can da izini, kasancewar ƙasashenku cikin ƙungiyar Commonwealth ya ba ku damar yin rajista ku zaɓi kansilan da zai zauna a wannan kujera.