Wa ke naɗa masu sauraron ƙorafin harajin gida a Texas?

Yau jihar Texas ta Amurka muka leƙa. Can jiha ba ta karɓar haraji a kan albashi, shi ya sa harajin gida da fili yake da nauyi. Ofishin ƙiyasi na gunduma ne ke yanka wa gidanka daraja. In ka ga sun zuga kuɗin, akwai kwamitin da za ka kai wa kuka, ARB a taƙaice, kuma mutanen gari ne zalla a ciki.

To wa ke ɗora su? A gundumar da mutanenta ba su kai 75,000 ba, alƙalin yankin ne. A manyan gundumomi kuwa, tun 2024, hukumar daraktocin ofishin ƙiyasin ce ke naɗawa. Kun ji abin mamaki ko? Masu kula da ofishin da ake ƙara su ne ke zaɓen masu sauraron ƙarar! Abin da ya ɗan rage zargi, jama'a ne ke zaɓen uku daga cikin daraktocin, kuma naɗi ba ya tabbata sai biyu daga cikinsu sun yarda.

Wa'adi shekara 2 ne. Dole ka shekara 2 kana zaune a yankin, kuma in bashin harajin gida ya yi kwanaki sama da 60 a kanka, ka haƙura.

Tsigewa fa? Wanda ya naɗa shi ke cirewa, amma sai da dalili: yawan fashin zama, nuna son kai a kai a kai, ko tattauna ƙara da ma'aikatan ofishin a bayan fage. Da zarar magana ta iso, kwana 90 gare su, ko su cire mutum ko su bayyana a hukumance cewa babu dalilin cire shi.