Ɓoye suna a intanet: abin da ya kamata ku sani

Ba duk mai amfani da sunan aro a intanet ne mugu ba. Akwai matar aure da ke rubuta labaran soyayya tana sakinsu a WhatsApp ko Wattpad da sunan Maman wane, don kada dangin miji su sa ta a baki. Akwai ma'aikacin da ya ga ana yin sama da faɗi da kuɗin jama'a, ya kuma san in ya fito fili a bakin aikinsa. Akwai mai ciwon da yake jin nauyin faɗa. Sai kuma ɗan damfara da mai ƙazafi, waɗanda su ne suka ɓata wa sauran suna.

Abin da yawancinsu ba su lura da shi ba shi ne, mai karatu kaɗai sunan aro ke rufe wa ido. Kamfanin da kuka buɗe shafi a wurinsa yana riƙe da lambar waya ko imel ɗin da kuka yi rajista da shi, da kuma adireshin IP, wato lambar da kamfanin sadarwa ke ba wayarku in ta hau intanet. A Najeriya kuwa, tun Disambar 2020 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar NIN, wadda ke ɗauke da hoton mutum da zanen yatsunsa. In an samu layi, an samu mai shi. Wani lokaci ma ɓarna daga cikin gida take fitowa: a 2022 wata kotu a Amurka ta samu Ahmad Abouammo, tsohon ma'aikacin Twitter, da laifin yi wa Saudiyya leƙen asiri ta hanyar miƙa bayanan masu amfani da shafin. Manhajar VPN da mutane suka ruga suka sauke lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter a 2021 tana sauya adireshin IP, amma ba ta goge lambar da aka yi rajista da ita.

Sai dai sau da yawa ba a kaiwa ga hukuma, mutum ne ke tona wa kansa asiri. Marubuciya ta ɓoye sunanta shekara da shekaru, ranar da ta ce littafi ya koma na kuɗi sai ta tura lambar asusu. Mai saye na gama danna lambar, cikakken sunanta zai bayyana a wayarsa, har da na mahaifi. In asusun OPay ne, galibi lambar wayar ce aka cire wa sifilin farko. Manhajar Truecaller kuma na iya nuno sunan da wasu suka adana lambar da shi. Hoto ma yana da baki: wayoyi kan liƙa masa bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma ko an goge wannan, ƙofar gidan ko rigar makarantar yaro ta isa shaida. Ga salon rubutu. Mai niƙabi ta rufe fuska, amma 'yan gidansu sun san tafiyarta. Haka wanda ya saba karanta saƙonninku zai gane kalmomin da ba kwa rabuwa da su.

Kada kuma a ɗauka kotu za ta rufa asiri. A 2009 wani ɗan sandan Ingila, Richard Horton, da ke rubutu kan aikinsa da sunan NightJack, ya nemi kotu ta hana jaridar The Times bayyana shi. Alƙali ya ƙi, ya ce rubutu a intanet aiki ne na bainar jama'a. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha gurfanar da 'yan jarida da sashe na 24 nata. A Nijar, a 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet.

Don haka in kuna da dalilin ɓoye suna, ku fara sanin wanda kuke ɓoye wa. In maƙwabta ne da dangi, ku raba layi da imel da asusun banki, ku kuma duba hoto sau biyu kafin ku sake shi. In mai iko za ku taɓa, kada ku rubuta abin da ba za ku iya kare shi da hujja a gaban alƙali ba.