Wurin Wanka a Cikin Bas

A Amurka, wasu kan sayi tsohuwar bas ta 'yan makaranta su mai da ita gida. Wurin wanka ne ke ba su wahala, domin tsayin cikin motar yawanci ƙafa 6 ne zuwa 6 da rabi, kuma rufin ya fi gajarta ta gefe. Shimfiɗa katako a ƙasa ma yana cin inci biyu ko uku.

Shi ya sa ake huda ƙasan motar, a sa bututun da tankin ruwan datti a ƙarƙashi, maimakon a ɗaga daɓen. Amma kada a yanke ƙarfen da ke riƙe da motar. Dogon mutum kuwa, gara ya zauna kan benci da shawa ta hannu. Ɗaga rufi aikin walda ne mai tsada, kuma yakan jawo yoyo.